Aiki Zango-Zango: Bayani a Kan Tsarin Ajayil da Yadda Masu Ƙera Manhaja Suke Rungumar Sa

Tsakure

Tsarin Ajayil hanya ce ta ƙera manhajar kwamfuta wadda ake rarraba aiki a cikinta zuwa gajerun zanguna, a riƙa miƙa wa mai buƙata abin da aka kammala a ƙarshen kowane zango, sannan a daidaita shiri gwargwadon abin da aka gano. Wannan maƙala ta bibiyi asalin tsarin tun daga ƙarshen shekarun 1960 har zuwa sanarwar da masana 17 suka fitar a shekarar 2001, ta kuma fayyace yadda ayarin ma'aikata yake tafiyar da aikinsa a ƙarƙashinsa. An ɗora bayanin a kan manyan ayyuka biyu na gwamnati, wato Sentinel a Amurka da Universal Credit a Birtaniya. Abin da ya fito fili shi ne, sauya sunayen muƙamai da na tarurruka ba ya wadatarwa matuƙar ikon yanke shawara da sharuɗɗan kwangila da hanyar kai rahoto suna nan yadda suke. Daga ƙarshe an duba kalmomin da za su iya ɗaukar ma'anonin tsarin a harshen Hausa.

Fitilun Kalmomi: manhaja, Ajayil, tsarin gangara, zango, keɓaɓɓun kalmomi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2005, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, wato FBI, ta yi watsi da wata manhaja da aka yi shekaru ana ƙera mata domin adana bayanan bincike. Kimanin dala miliyan 170 aka kashe wa aikin, amma ba a taɓa kaiwa ga amfani da shi a faɗin hukumar ba. Jami'ai suka ci gaba da dogaro da takardu da wata tsohuwar manhaja ta 1995, alhali kuwa hare-haren 11 ga Satumba 2001 sun riga sun tona yadda bayanai suke maƙalewa a ofis ɗaya ba tare da sun isa wani ba. Irin wannan asara ta sha faruwa a ma'aikatu da kamfanoni na ƙasashe da dama, kuma ita ce ta sa masu sana'ar suka koma tambayar kansu ko laifin yana ga ma'aikata ne ko kuwa ga yadda ake tsara aikin tun daga tushe.

Tsarin Ajayil ɗaya ne daga cikin amsoshin da aka bayar ga wannan tambaya, kuma shi ne ya fi yaɗuwa. Sanin sa ya wuce buƙatar masana kwamfuta kawai. Masanin harshe da aka gayyata domin ya sa ido a kan ƙera ƙamus na intanet, ko rumbun adana matanonin adabi, ko manhajar gyaran ƙa'idojin rubutu, zai tarar da kansa a cikin tarurruka masu baƙin sunaye, ana neman ya yanke hukunci kowane mako biyu. Idan bai fahimci rawar da ake so ya taka ba, abin da za a miƙa masa a ƙarshe zai iya saɓa wa abin da yake buƙata.

2.0 Matsalar da Ta Haifar da Tsarin

A watan Oktoba na 1968, kwamitin kimiyya na ƙungiyar NATO ya tara masana kusan 50 a garin Garmisch na ƙasar Jamus domin tattauna abin da aka riƙa kira rikicin manhaja. Kwamfutoci suna ƙara ƙarfi, amma ayyukan ƙera manhaja suna wuce wa'adi, suna cin kuɗi fiye da ƙima, kuma suna fitowa cike da kurakurai. Maganin da aka fi karkata gare shi a lokacin shi ne a kwaikwayi injiniyoyin gine-gine: a tattara dukkan buƙatu a rubuce, a zana taswirar aiki, a rubuta manhaja, a gwada ta, sannan a miƙa. Ba a shiga mataki na gaba sai an sa hannu a kan na baya. Wannan shi ne tsarin gangara, domin an kwatanta shi da ruwan da yake zubowa daga tsauni, wanda ba ya komawa sama.

Akan danganta tsarin ga wata takarda da Winston Royce ya gabatar a 1970. Abin lura shi ne, Royce ya zana matakan ne sannan ya yi gargaɗi cewa bin su sau ɗaya tak daga sama zuwa ƙasa yana tattare da haɗari, domin gwaji yana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada. Masu karatu da yawa suka ɗauki zanen suka bar gargaɗin. A 1985 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idar DOD-STD-2167, wadda 'yan kwangila suka fahimta a matsayin umarnin bin wannan jeri, kuma sai a 1994 aka maye gurbinta da wata da ta ba da damar maimaita matakai.

Raunin tsarin gangara ya samo asali ne daga yanayin manhaja kanta. Mai gina gida yana iya ganin zane ya gane ɗakin da zai kwana. Mai buƙatar manhaja kuwa sau da yawa ba ya sanin ainihin abin da yake so sai ya taɓa wani abu da hannunsa. Haka kuma, a cikin shekara biyu ko uku da ake ɗauka ana aiki, doka takan sauya, kasuwa takan juya, shugabannin da suka sa hannu a kan buƙatun sukan bar ofis. Idan aiki ya makara, abin da shugabanni suka saba yi shi ne ƙaro ma'aikata, amma Fred Brooks, wanda ya jagoranci ƙera manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya nuna a littafinsa na 1975 cewa hakan yakan ƙara jinkiri ne, saboda sai tsofaffin hannu sun ajiye aikinsu sun koyar da sababbi.

3.0 Taron Snowbird da Sanarwar 2001

A cikin shekarun 1990, wasu masu sana'ar sun riƙa gwada hanyoyi marasa nauyin takardu, kowa a wurin aikinsa. Jeff Sutherland ya fara amfani da hanyar Scrum a kamfanin Easel a 1993, Ken Schwaber kuma ya gabatar da ita a taron masana a 1995. Sunan ya fito ne daga wasan rugbi, ta hanyar wata maƙala da Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka suka wallafa a 1986, inda suka kwatanta yadda wasu kamfanoni irin su Honda da Canon suke ƙirƙiro sababbin kayayyaki da yadda 'yan wasa suke tafiya tare suna miƙa wa juna ƙwallo. Kent Beck kuwa ya daidaita hanyar da aka sani da XP a wani aikin manhajar biyan albashi na kamfanin Chrysler da ya karɓa a 1996.

Daga ranar 11 zuwa 13 ga Fabrairu 2001, mutum 17 daga cikin waɗannan masana suka haɗu a wurin shaƙatawa na Snowbird da ke jihar Yuta ta Amurka. Cikinsu akwai Beck da Schwaber da Sutherland da Martin Fowler da Ward Cunningham da Alistair Cockburn. Ba su amince da hanya guda ɗaya ba, amma sun amince da manufofi huɗu, waɗanda daga baya aka ƙara musu ƙa'idoji 12. Kowace manufa tana auna abubuwa biyu ne masu amfani, ta nuna wanda za a gabatar idan sun yi karo. Fahimtar juna tsakanin ma'aikata tana gaba da tsarin ofis da kayan aiki. Manhajar da ake iya kunnawa a gani tana gaba da tulin takardun bayani. Zama da mai buƙata a warware matsala tare yana gaba da jayayya a kan abin da kwangila ta ce. Karɓar sauyi idan ya zo yana gaba da nacewa a kan shirin da aka yi tun farko. Masu sanarwar sun bayyana ƙarara cewa abubuwan da aka sa a baya suna da nasu muhimmanci, sai dai wannan bayani shi ne aka fi mantawa da shi, har wasu suka ɗauka tsarin yana nufin aiki ba shiri ba rubutu.

4.0 Yadda Aikin Yake Gudana

Scrum ita ce hanyar da ta fi shahara. Bisa jagoran da Schwaber da Sutherland suka fara fitarwa a 2010 suka kuma sabunta a 2020, ayari yakan ƙunshi mutum 10 ko ƙasa da haka, kuma ya haɗa duk gwanintar da ake buƙata domin kammala aiki ba tare da jiran wani sashe ba. Akwai nauyi iri uku. Wakilin mai kaya shi ne yake riƙe da jerin buƙatu, shi ne kuma yake faɗin wadda za a fara da wadda za ta jira. Masu ƙira su ne suke yanke yadda za a yi aikin da kuma yawan abin da za su iya ɗauka. Jagoran tsari kuwa aikinsa kawar da cikas da tabbatar da an fahimci hanyar, ba shi da ikon raba wa kowa aiki.

A misali, a ɗauka wani ayari yana ƙera ƙamus na Hausa a intanet. A tsarin gangara, za a rubuta duk abin da ake so tun farko, a dawo bayan shekara guda a ga sakamako. A tsarin Ajayil, za a yanka lokaci zuwa zanguna masu tsawo ɗaya, wata guda ko ƙasa da haka, galibi mako biyu. A farkon zango za a zauna a zaɓi buƙatu kaɗan daga saman jeri, misali mai karatu ya iya rubuta kalma ya ga ma'anarta. Kowace safiya masu ƙira za su yi taron minti 15, wanda akan yi a tsaye domin kada ya yi tsawo, su duba inda aka kwana da abin da ya tare hanya. A ƙarshen zango sai a yi zaman baje koli, a kunna manhajar a gaban masu buƙata. A nan ne malamin Hausa zai iya rubuta "kasa" a wayar da ba ta da haruffa masu ƙugiya, ya ga cewa "ƙasa" ba ta fito ba, ko ya lura cewa an jera kalmomin da suka fara da "ts" a ƙarƙashin "t" ba tare da an tambayi masana ba. Gano wannan a mako na biyu gyaran yini ɗaya ne. Gano shi bayan an shigar da dubban kalmomi yana iya tilasta sake gina rumbun bayanan gaba ɗaya. Gani ya kori ji, kuma wannan shi ne ƙashin bayan tsarin.

Bayan baje koli akwai zaman waiwaye, inda ayarin yake duba kansa: me ya tafi daidai, me ya kawo tsaiko, wane abu guda za a gyara a zango mai zuwa. Wannan zama yana da amfani ne kawai idan ƙaramin ma'aikaci yana iya faɗin kuskuren babba ba tare da fargaba ba, kuma babban ya san cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Scrum ba ta ce komai a kan yadda ake rubuta manhajar ba. Wannan giɓi XP ce ta cike shi. Daga cikin ɗabi'unta akwai rubuta gwaji kafin a rubuta umarnin da za a gwada, da zaman mutum biyu a gaban kwamfuta ɗaya, ɗaya yana rubutu ɗaya yana dubawa, da haɗa aikin kowa da na kowa a kai a kai, da tsaftace tsohon rubutu ba tare da sauya aikin da yake yi ba. Waɗannan su ne suke sa sauyi ya yi arha. Idan akwai ɗaruruwan gwaje-gwaje da kwamfuta take gudanarwa da kanta cikin 'yan mintoci, mai ƙira zai iya taɓa kowane sashe ya san nan take ko ya ɓata wani abu.

Hanya ta uku ita ce Kanban, kalmar Japananci mai nufin allon sanarwa ko kati, wadda ta fito daga tsarin masana'antar Toyota da Taiichi Ohno ya raya. David Anderson ya daidaita ta ga aikin manhaja, ya kuma fitar da littafi a kanta a 2010. Ana raba allo zuwa ginshiƙai, a rubuta kowane aiki a kati, a riƙa matsar da shi daga jira zuwa kammalawa. Dokarta mafi muhimmanci ita ce ƙayyade yawan katunan da za su zauna a ginshiƙi ɗaya a lokaci guda, ta yadda ba za a buɗe sabon aiki ba sai an rufe wani.

5.0 Misalai Biyu Daga Ayyukan Gwamnati

5.1 Sentinel a Hukumar FBI

Bayan asarar 2005, FBI ta sake ɗaura ɗamara. A watan Maris na 2006 ta ba kamfanin Lockheed Martin kwangilar sabuwar manhaja mai suna Sentinel, wadda aka ƙiyasta za ta ci dala miliyan 425 a matakai huɗu, a kammala a ƙarshen 2009. Zuwa shekarar 2010 an ɗaga kasafin zuwa miliyan 451, an kashe kusan miliyan 405, amma matakai biyu kacal aka miƙa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A wannan shekara hukumar ta dakatar da kamfanin daga jagorancin aikin ta mayar da shi hannunta, ƙarƙashin shugaban sashen fasahar sadarwa Chad Fulgham da abokin aikinsa Jeff Johnson. Suka rage ma'aikata zuwa 'yan gommai, suka tara su wuri ɗaya a ginin hedikwatar hukumar da ke Washinton, tare da jami'an bincike waɗanda su ne za su yi amfani da manhajar. Aka rarraba ragowar aikin zuwa ƙananan buƙatu 670, aka shiga zanguna na mako biyu-biyu, ana baje koli a ƙarshen kowanne. Tafiyar ba ta rasa tuntuɓe ba. An yi alƙawarin gamawa a Satumba 2011, amma gwajin da aka yi da ɗaruruwan ma'aikata a watan Oktoba ya nuna cewa na'urorin da aka ɗora manhajar a kansu ba za su iya ɗaukar nauyin ba, sai da aka sayo sababbi. A ranar 1 ga Yuli 2012 Sentinel ta fara aiki a faɗin hukumar. Binciken da babban sufeton Ma'aikatar Shari'a ya fitar a 2014 ya nuna cewa yawancin ma'aikata sun ga amfaninta, ko da yake sun koka da sashen neman bayanai.

5.2 Universal Credit a Birtaniya

A shekarar 2010 gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirin haɗe nau'o'in tallafi shida da ake ba marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi su zama guda ɗaya. Ministan Ayyuka da Fansho Iain Duncan Smith ne ya jagoranci shirin, aka kuma tsayar da Oktoba 2013 a matsayin lokacin farawa, 2017 lokacin kammalawa. Ma'aikatar ta ce za ta bi tsarin Ajayil, ta raba aikin ga manyan kamfanoni da suka haɗa da Accenture da IBM da HP da BT.

A watan Satumba na 2013 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya fitar da rahoto mai zafi. An kashe fam miliyan 425 zuwa watan Afrilu na shekarar, fiye da kashi 70 cikin ɗari a kan manhaja da na'urori, kuma an riga an ɗauki fam miliyan 34 a matsayin asara. Rahoton ya nuna cewa ma'aikatar ba ta saba da tsarin ba, ba a taɓa gwada shi a aikin gwamnati mai wannan girma ba, kuma ba ta da cikakken bayani a kan yadda shirin tallafin kansa zai gudana. Ya kuma yi nuni da wata al'ada ta rufe ƙofa da kai wa na sama labari mai daɗi kawai. Daga bisani aka buɗe hanya ta biyu: wani ƙaramin ayari na cikin gida ya fara sabuwar manhaja, aka gwada ta da mutane kaɗan a yankin Sutton na kudancin Landan a ƙarshen 2014, aka riƙa faɗaɗa ta sannu a hankali har ta isa dukkan ofisoshin neman aiki a Disamba 2018.

5.3 Abin da Ya Bambanta Su

Duka ayyukan biyu sun ambaci sunan tsari ɗaya. A Sentinel, wanda yake da ikon yanke shawara yana kusa da masu ƙira, masu amfani suna ganin manhajar kowane mako biyu, kuma an san buƙatun aikin bincike tun da daɗewa. Ko gwajin da ya gaza a 2011 ya yi amfani, domin ya fito da matsalar kafin a saki manhajar ga dubban jami'ai. A zagayen farko na Universal Credit kuwa, an tsayar da ranar farawa da girman aiki tun kafin a san abin da za a gina, aikin yana warwatse a hannun 'yan kwangila da dama, labarin matsala kuma ba ya hawa sama. Tsarin Ajayil na'ura ce ta fito da mummunan labari da wuri. Inda shugabanni ba sa son jin sa, na'urar ba ta da aikin yi. Ya kamata a lura kuma cewa ayarin Sentinel ya gaji wani ɓangare na aikin da aka riga aka yi, don haka ba daidai ba ne a jingina dukkan nasarar ga sauyin tsari shi kaɗai.

6.0 Wuraren da Ake Yin Tuntuɓe

Tuntuɓe na farko shi ne kwaikwayon siffa. A 2012 Henrik Kniberg da Anders Ivarsson suka bayyana yadda kamfanin Spotify na ƙasar Suwidin ya rarraba ma'aikatansa zuwa ƙananan ayari masu cin gashin kansu, waɗanda ake tarawa a manyan rukunai. Marubutan sun faɗa cewa hoton wani lokaci ne kawai na kamfanin da yake ta sauyawa, amma kamfanoni da dama suka ɗauke shi tamkar taswira. Bankin ING na ƙasar Holan ya yi nasa sauyin a 2015, inda ya sake fasalin hedikwatarsa mai ma'aikata kusan 3,500 zuwa ayari kusan 350 na mutum tara-tara, har sai da ma'aikata suka sake neman guraben aikinsu. Wato bankin ya taɓa tsarin iko da na muƙamai. Wanda ya ari sunayen kawai ya bar sassan ofis yadda suke zai tarar cewa kama da wane ba ta wane. Tun a 1968 Melvin Conway ya lura cewa fasalin manhaja yakan bi fasalin sadarwar ma'aikatar da ta ƙera ta.

Na biyu shi ne mayar da ma'auni abin tsere. Ayari yakan ƙiyasta nauyin kowace buƙata da maki, ya kuma lissafa makin da yake kammalawa a zango domin ya san iyakar ƙarfinsa. Da zarar shugaba ya fara gwada makin wannan ayari da na wancan, ko ya ɗaura shi da ƙarin girma, sai ma'aikata su riƙa kumbura ƙiyasi, alƙaluma su hau, aiki kuma yana nan inda yake. Haka taron safe yakan rikiɗe ya zama wurin tuhuma. Ron Jeffries, ɗaya daga cikin masu sanarwar 2001, ya yi rubutu a 2016 a kan yadda ake amfani da Scrum wajen danne masu ƙira, Dave Thomas kuma ya koka tun a 2014 cewa 'yan kasuwar horarwa da takardun shaida sun wofantar da ma'anar kalmar.

Na uku shi ne yin tarurrukan Scrum ba tare da ɗabi'un XP ba. Zangunan farko sukan yi sauri, daga nan kowane ƙaramin sauyi ya fara ɓata wani wuri. Ward Cunningham ya kwatanta wannan da bashi tun a 1992: gaggawar yau rance ce, kuɗin ruwanta kuwa shi ne jinkirin gobe.

Na huɗu shi ne kwangila da kasafi. Dokokin sayen kaya na gwamnatoci da na masu ba da tallafin bincike sukan nemi a faɗi farashi da wa'adi da cikakken jerin abin da za a miƙa tun ranar farko. A tsarin Ajayil ana iya tsayar da kuɗi da lokaci, amma dole a bar jerin buƙatu a buɗe. Inda aka ɗaure ukun duka, inganci ne yake biyan diyya. Akwai kuma ayyukan da kuskure a cikinsu yana iya cin rai, irin su manhajar jirgin sama da ta na'urorin asibiti, waɗanda hukumomi suke neman cikakkun takardun shaida a kansu. A nan akan haɗa gajerun zanguna da tsauraran matakan tantancewa.

7.0 Batun Kalmomi a Hausa

Kalmar Ingilishi da aka sa wa tsarin tana nufin iya juyawa da sauri ba tare da an faɗi ba. "Zafin nama" ya kama saurin, amma yana iya ƙarfafa kuskuren da ake yi na ɗaukar tsarin a matsayin hanyar matsa wa ma'aikata su yi gudu. "Sassauci" ya kama karɓar sauyi, sai dai yana ɗauke da inuwar sakaci, alhali tsarin yana neman horon kai fiye da wanda ya gabace shi. Saboda haka aro sunan a matsayin "Ajayil" tare da fassara shi da "aiki zango-zango" ya fi kusa da manufa. "Zango" ta dace domin a tafiyar fatake tana nufin wurin da ake sauka a huta a duba kaya kafin a ci gaba, kuma an riga an faɗaɗa ta zuwa zangon karatu. "Ayari" ta fi "ƙungiya" nuna mutanen da suke tafiya ɗaya zuwa wuri ɗaya. Amma kwatancin yana da iyaka. Ba zai yiwu a kira jagoran tsari "madugu" ba, domin madugu uban tafiya ne mai faɗa a ji, shi kuwa jagoran tsari hidima yake yi wa ayari. Wannan misali yana nuna haɗarin da ke cikin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi: kalmar da ta yi daɗi a kunne tana iya shigo da tsarin ikon da ma'anar asali take ƙoƙarin kaucewa.

8.0 Kammalawa

Tsarin Ajayil ya taso ne daga fahimtar cewa ba a iya sanin dukkan buƙatun manhaja kafin a fara gina ta, don haka ya fi kyau a gina kaɗan, a nuna, a gyara. Tarurrukansa suna da sauƙin koyo cikin 'yan kwanaki. Abin da yake da wuya shi ne sharuɗɗan da suke ba su rai: wakilin mai kaya da yake da lokaci da ikon cewa a'a, ayari ƙarami da ba a tarwatsa shi kowane wata, gwaje-gwajen da suke sa sauyi ya yi arha, kwangilar da ta bar ƙofar gyara, da shugabannin da suke karɓar mummunan labari ba tare da neman wanda za a hukunta ba. Ma'aikatar da take son sanin ko ta rungumi tsarin da gaske tana iya yi wa kanta tambayoyi biyu: yaushe rabon da mai amfani na haƙiƙa ya taɓa manhajar da hannunsa, kuma wane abu aka sauya a cikin shiri saboda abin da ya faɗa?